Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jigawa: A Ƙirga Tsuntsayenmu Tun Suna Da Saura

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi, da 'yan Majalisar Dokokin Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya taya ka riƙo. Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin makaranta ne da ya ajiye alli, haifaffen wani ƙauye na bakin fadama a ƙasar Haɗejiya. Mahaifina da damina manomin shinkafa ne, da rani masunci. Na san teburinka cike yake da maganar taki da albashi da ambaliya da asibiti, kuma duk wanda ya kawo maka zancen tsuntsu a irin wannan lokaci, kallon ƙosasshe za a yi masa. Wannan tunanin ne ya riƙe mini hannu shekara da shekaru. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau a cikin gidana ya faru.

Jikana, ɗan aji huɗu a firamare, ya dawo da littafi a hannu, ya nuna mini hoton wani tsuntsu mai dogon wuya da tukku ruwan zinare a ka. Ya ce, "Kaka, wannan a wace ƙasa yake?" Gauraka ne. Tsuntsun da ake kira tsuntsun ƙasar Najeriya, yaron da aka haifa a bakin fadamar Haɗejiya yana tambayar a wace ƙasa yake. Na rasa abin da zan ce masa. Mu da muna kamarsa kukan gauraka ne ke tashin mu bayan asuba. In an gama yankan shinkafa sai ka gan su bibbiyu a cikin karan, suna buɗe fukafukai suna tsalle kamar masu rawar biki, mu kuma muna laɓe a bayan tudu muna kwaikwayonsu. Rabona da ganin gauraka a daji na manta shekarar. Na ƙarshe da na gani a gidan wani mai hali ne a birni, an karya masa fiffike, yana zagaya tsakar gida mai siminti shi kaɗai. Haka aka kwashe su, ana kama 'ya'yan ana kai wa masu kuɗi don ado, ga shi ba sa hayayyafa a irin wannan zama, fadamun da suke yin sheƙa a cikin ciyawarsu kuma suka bushe ko suka koma gona.

Da na zauna ina lissafi a daren nan, sai na ga ba gauraka kaɗai ba ne. Ina tuje? Ina burtu, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su kusanci nama? Kwasakwasa da borin tunke da jinjimi, da can ba abin a tsaya kallo ba ne, yau in ka ga ɗaya sai ka kira na kusa da kai. Tsofaffi ne kawai ke riƙe da wannan lissafi a ka, kuma kowace shekara muna raguwa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ungulu. Ranka ya daɗe, kai ma ka san yadda mahauta take ranar kasuwa a da. Tun kafin a kayar da sa, ungulaye sun jeru a kan katanga da reshen tsamiya, sun duƙar da kai suna jira. Da mahauci ya watsar da tumbi za su sauko, kafin la'asar wurin ya zama fes, sai ƙasa mai danshi. Mahauta na korar su da ƙafa kamar kaji. Ba wanda ya taɓa tunanin abin nan zai iya ƙarewa. Je ka Gujungu ko Maigatari ko Sara ranar kasuwa yanzu, ka ɗaga kai. Sai shirwa da hankaka, a ƙasa kuma karnuka da ƙudaje. Na taɓa tambayar wani dattijon mahauci ina suka tafi, ya ce mini wasu baƙi ne suka riƙa zuwa suna ba yara kuɗi, a barbaɗa magani a kan hanji, ungulu ta ci ta faɗi, a cusa a buhu. Kai da ƙafa da gashi duk kuɗi ne a wurin masu tsibbu, har daga nesa ake aikowa. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a matakin ƙarshe kafin ɓacewa. A 2020 a ƙasar Gini Bisau an kashe sama da 2,000 da guba cikin 'yan makonni, don a sare kawunansu.

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma gaskiya ne ta wata fuskar da ba mu lura ba. Ita ce ma'aikaciyar tsafta da ba ta karɓar albashi. Cikinta na narkar da mushen da zai kashe kare, tana cinye shi kafin ya ruɓe ya shiga rijiya ko kududdufin da dabbobi ke sha. Indiya ta ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya riƙa kashe ungulayen da suka ci mushen shanun, har sama da kashi 95 cikin 100 suka mutu kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wasu masana biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun fitar da bincike a 2024 da ya ƙiyasta cewa mutum kusan 500,000 ne suka rasu tsakanin 2000 da 2005 sanadin wannan. Jiha ce mu ta kiwo, Maigatari na cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Wa ke kwashe mushenmu yanzu?

Bari in koma fadama, don can ne tushen maganar. Tsuntsun ruwa ruwa yake bi, kuma labarin ruwanmu ya canja tun ina saurayi. A da kogin Haɗejiya da na Jama'are sukan cika da damina su malala cikin jigayi, su shimfiɗu daga Auyo da Kafin Hausa zuwa Kirikasamma da Guri har Nguru da Gashuwa. Masana sun ce a shekarun 1960 ambaliyar kan rufe kusan hekta 300,000. Da kaka ruwan ya fara ja, yana barin laka mai taki, manomi na bin sa da wake da alkama da kayan lambu, makiyayi na bin sa da shanu, masunci na kama kifin da ya hayayyafa a cikin ciyawa. Daidai lokacin ne baƙin tsuntsaye ke sauka, agwagi da 'yan ƙananan masu dogayen ƙafafu da suka gudo wa sanyin Turai da Rasha, suka ƙetare hamada, namu na cikin ruwan farko da za su tarar. Su haɗu da na gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. An rubuta nau'in tsuntsu 377 a wannan yanki. Ina yaro wani yayana ya taɓa cire agwagwa daga koma, a ƙafarta akwai zoben ƙarfe da rubutun boko, aka yi ta yawo da shi gida-gida ana mamakin wanda ya ɗaura mata.

Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, ga fari na shekarun 1970 da 1980 a tsakani. Ambaliyar ta ragu ta koma ƙasa da hekta 100,000 a shekaru da dama. Wani abu kuma ya biyo baya da ba wanda ya yi hasashensa. Kogin da a da yakan ƙafe da rani, yanzu ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa shi ciyawar kacalla ke so. Da can rani ne ke kashe ta, yanzu ba mai kashe ta. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare laka, ta toshe wasu rassan kogin har suka mutu, ruwan ya karkata ya taru a wasu wuraren, musamman ta Marma, hanyar ruwan da ke zuwa tafkin Nguru. Shi ya sa za ka ga ƙauye ɗaya na kukan ruwa ya cinye gonakinsu shekara da shekaru, na gaba da shi kuma na kukan fadamarsu ta bushe. Agwagwa ba ta sauka a cikin kacalla, kwalekwale ba ya ratsa ta, shanu ba sa cin ta in ta tsufa.

Mai jin daɗin kacalla ɗaya ne, jan baki. A cikinta yake kwana, a cikinta yake sheƙa, da safe ya tashi kamar hayaƙi ya faɗa wa shinkafa da gero. Na san zafin wannan, don na yi tsaron gona da gwangwani da majajjawa tun daga fitowar rana har faɗuwarta, muryata ta dushe, kuma duk da haka muka tashi da rabin abin da muka sa rai. Ba zan ce wa manomi kada a yi feshi ba. Amma na taɓa shiga bakin wata fadama washegarin da jirgi ya yi feshi da magariba. Jan baki na zube kamar an shanya barkono, wannan an sani. A cikinsu kuwa ga balbela, ga zalɓe, ga wani shaho yana ta bugun ƙasa da fiffike ɗaya ya kasa tashi, don ya ci waɗanda suka faɗi. Yara kuma na tsince jan bakin a kwando za a kai gida a soya. Ba wani jami'i da ya zo duba abin da ya mutu, ba wanda ya gargaɗi iyayen yaran. Bayan mako uku wani garken ya dawo cikin kacallar nan, don gidansa na nan ba a taɓa shi ba. Kuɗin da ake kashewa a sama duk shekara, da an karkatar da wani kaso zuwa buɗe hanyoyin ruwa da barin fadama ta riƙa shan rani kamar da, da an rage jan baki daga tushe.

Kada a ɗauka wannan ruwa da ke malala asara ce. Tun farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar Haɗejiya da Nguru ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da manyan ayyukan ban ruwa na sama ke bayarwa. Suka tarar in aka bi ta yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta yi wa aikin ban ruwa fintinkau. Ba su ma sa kiwo a lissafin ba, ko ruwan da ke nutsewa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Abin da agwagwar Turai ke nema a wurin nan shi masunci da manomi da Bafulatani ke nema.

Ranka ya daɗe, ta fuskar suna ba a bar mu a baya ba. Tun 1987 aka fara shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru, da hannun IUCN da ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, da masu kare tsuntsaye na Ingila. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona ta Jihar Yobe don ganin tsuntsayen. A shekarar 2000 tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya, fadamar Baturiya ta nan Jigawa ta bi a 2008. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin yankin kare halittu na duniya, a shekarar ta 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa Baturiya cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma. Duk abin alfahari ne. Sai dai tsuntsu bai san iyakar gandu ba. Agwagwar da ta kwana a Baturiya gonar shinkafar Auyo take kiwo. Shamuwa a tsakiyar gari take sheƙa, ungulu a mahauta take ci, tuje a jigawar Birniwa da Maigatari yake, wasu kuma a duwatsun Dutse da Birnin Kudu da Kazaure da dazukan Gwaram. Waɗannan wurare ba na Abuja ba ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa amanar ƙasar jiha, saboda haka ƙofarka ce ta dace in ƙwanƙwasa.

Abin da nake roƙo shi ne rubutaccen tsari guda ɗaya na jiha baki ɗaya, na kare tsuntsaye da sauran namun daji, wanda ya shafi ƙananan hukumomi 27, mai wa'adi, mai kasafi, mai sunan ofishin da za a tuhuma in ba a yi ba. Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. A Amurka tun 2005 kowace jiha sai da ta rubuta irin wannan tsari kafin ta samu wani tallafin tarayya na namun daji, kuma dole ta sabunta shi duk shekara goma. A ciki jiha kan jera halittun da suka fi buƙatar agaji, inda suke zaune, abin da ke kashe su, matakin da za a ɗauka, da yadda za a gane ko matakin ya yi aiki. Su ma ba su tsira ba: wani babban bincike na 2019 ya nuna Amurka da Kanada sun rasa tsuntsu kusan biliyan 3 tun 1970, wato kashi 29 cikin 100. Amma cikin wannan binciken akwai abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa. Agwagi da dangoginsu ƙaruwa suka yi, da fiye da rabi. Dalili kuwa, tun 1934 duk mai farautar agwagwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman, kusan dukkan kuɗin kuma a saye da gyaran fadamu ake zuba shi. Inda aka sa kuɗi da tsari na shekaru masu yawa, tsuntsun ya dawo. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Farkon aikin ƙirga ne. Yau in ka tambayi ungulu nawa suka rage a Jigawa, ko garuruwa nawa shamuwa ke sauka, amsar da za ka samu irin tawa ce, ta tsoho mai tuna baya. Ba a gina tsari a kan "a da". Kuma masu iya aikin muna da su. Akwai malamai da ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos, wadda tun 2015 take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, matasan Arewa da dama sun koyi aikin a wurinta, da wayar hannu suke shigar da abin da suka gani. Duk watan Janairu kuma ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya. Jiha ta ɗauki nauyin tata ƙidayar, mota da mai da kwalekwale da madubin hangen nesa, kuɗin bai kai na kwalbati ɗaya ba. A haɗa kowane ɗalibi da masunci ko maharbi na yankin, don shi ya san tafkin da dinya ke kwana da bishiyar da ungulu ta yi ƙwai bara. A rubuta sunayen da Hausa da Fulatanci da Badanci da Barbarci tun masu sanin su na raye. A buga sakamakon kowace shekara, a karanta a rediyo, kowa ya ji ko mun ci gaba ko mun koma baya.

Daga nan sai ruwa, kuma nan ne aikin ya fi ƙarfin kwamishina, sai kai da kanka. Makullin Tiga da Challawa na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Tun 2006 gwamnonin Jigawa da Kano da Bauci da Yobe da Barno da Filato suka zauna a Damaturu suka amince da tsarin raba ruwan wannan kwari, har da asusun haɗin gwiwa. A farfaɗo da wannan zama. Jigawa ta je da buƙata a rubuce: a riƙa sako ruwa da damina daidai yadda zai shimfiɗu a fadama ba tare da ya ci gari ba, a rage na rani a rassan da kacalla ta kama don ta sha rana ta mutu. Mun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi mana, kuma toshewar hanyoyin ruwa na cikin abin da ya tsananta ta. Injinan da ake sawa suna yashe kogi suna taimakawa, na gani da idona, jama'a ma na fita aikin gayya da lauje da adda, ruwa iya wuya. Sai dai in ba a gyara yadda ake sako ruwan ba, bana a yanke, baɗi ta tsiro. In kuma maganar madatsar Kafin Zaki ta sake tasowa, a tuna kogin Jama'are ne kaɗai ya rage da ke kawo ambaliyarsa yadda Allah Ya tsara.

Sai itatuwa. Shamuwa ba ta sheƙa a kan darbejiya 'yar shekara biyar, tsohuwar tsamiya take so, ko kuka, ko rimi. A garinmu akwai wata tsamiya a bayan masallacin Juma'a da shamuwa ke sauka duk shekara. Ranar da aka ga ta farko, tsofaffi za su ce a fito da iri a gyara garma, damina ta ƙaraso. Ba yaron da ya isa ya jefe ta, duk unguwa za ta yi masa ca. Fara da tsutsa take ci a gonakinmu, ladan masaukinta ke nan. An sayar da tsamiyar nan ga masu gawayi, a yini ɗaya injin ya kwantar da ita. Da bazara shamuwa suka zo suka yi ta kewaya sararin wurin kwana biyu, suka wuce. Ina roƙon tsarin ya sa a yi rajistar irin waɗannan manyan itatuwa gari-gari, a damƙa amanarsu ga mai unguwa da dagaci, sare su ya zama laifi mai tara mai zafi. Ga kuma darasi a ƙetaren iyakarmu. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun daina tumɓuke kututturen gawo da kalgo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna barin tohon suna yi masa aski har ya girma. Ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ba tare da dashe ba. Mutanen Babura da Maigatari da Sule Tankarkar na ganin wannan duk ranar da suka tsallaka cin kasuwa.

Na san abin da za a ce: talaka na jin yunwa, za ka hana shi harbin agwagwa? Ni ɗan masunci ne, na ci naman dinya, ba zan yi wa kowa wa'azin da ban bi ba. Maharbin gargajiya da ke ɗaukar biyu ko uku ba shi ya ƙarar da su ba. Wanda ke jiƙa shinkafa da maganin ƙwari ya watsa a bakin ruwa, da safe ya kwashe buhu-buhu ya kai kasuwa mutane su saya su ci, shi ne abokin gabar kowa, har da mai sayen. Haka mai zuba guba a tafki don kifi, da mai datse rafi da dumba ya hana ko ɗan tsurut wucewa. Su kansu maharba da masunta sun fi kowa jin haushin waɗannan, kuma suna da shugabanni. A kira sarkin baka da sarkin ruwa da sarkin fawa da shugabannin masu maganin gargajiya da arɗo-arɗon Fulani tun ranar farko ta rubuta tsarin, a bar su su faɗi watannin da ya kamata a ajiye bindiga don tsuntsu na kan ƙwai. A ɗauki 'ya'yansu aikin gadin daji da albashi. Masarautunmu biyar, Haɗejiya da Dutse da Gumel da Kazaure da Ringim, in suka ce an hana sayar da kan ungulu a kasuwannin ƙasarsu, maganar za ta fi kowace takardar ofis isa ƙauye. Malamanmu kuma ba sa buƙatar a koya musu, aya ta 38 ta Suratul An'am ta gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Huɗuba ɗaya a shekara a kan wannan, a farkon sanyi lokacin da baƙin ke sauka, za ta yi aiki.

Ga 'yan majalisa, dokar namun daji da jihohin Arewa suka gada tun 1963 aka yi ta, lokacin da ba wanda ya san za a wayi gari ana neman ungulu da kuɗi. Ku zauna ku duba abin da ke hannunmu, ku yi wa Jigawa doka daidai da zamaninta, wadda ta ambaci guba da fataucin sassan tsuntsaye da sunansu, ta kuma wajabta wa gwamnati kawo rahoton ƙidaya gabanku duk shekara. Batun kuɗi kuwa, akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, don gyaran ƙasa da ruwa, Jigawa na ciki. Muna kuma cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa. Masu ba da tallafi na waje sun fi sakin hannu ga wanda ya zo da tsari a rubuce da alƙaluma. Amma ina roƙon jiha ta sa nata layin a kasafi, komai ƙanƙantarsa, don na ga shirye-shirye da yawa a fadamar nan da suka mutu ranar da motar baƙi ta juya.

Ranka ya daɗe, kai ɗan Kafin Hausa ne, ba sai an yi maka kwatancen fadama ba. Ina gayyatarka, watan Janairu mai zuwa, ka ware safiya ɗaya ka zo Baturiya ba tare da jiniya ba, don ƙara na tashin su. A iso kafin fitowar rana, a shiga kwalekwale da masunci ɗaya da ɗalibi ɗaya mai littafi, ka buɗe ƙidayar farko ta jiha da hannunka. Zan zo da jikana, in Allah Ya kai mu. Gauraka kam ba na sa ran zai gani, amma dinya da kirinjijiya na nan tukuna, ina so ya ji kukansu da kunnensa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin makaranta,
daga ƙasar Haɗejiya.